Mai jirgi, in kai ka faɗa ruwa wa zai ɗauko ka?

Jirgin ruwa mai tafiya da iska, in yana gudun mil shida na teku a sa'a, wanda ba wani gudun a-zo-a-gani ba ne, yana cin kusan mita uku a kowace daƙiƙa. Ke nan wanda ya zame ya faɗa ruwa, kafin minti ɗaya ya cika an bar shi a baya da mita 185. Abin da ake hangowa na jikinsa kansa ne kawai, shi ma yana leƙowa yana ɓuya tsakanin raƙuman ruwa. In da dare ne, ko wannan babu. Duk matuƙin da ya san abin da yake yi ya san wannan lissafi, shi ya sa hirar masu jiragen shaƙatawa ba ta cika yin nisa ba a gangaro kan kayan ceto ba: wace rigar ceto ce ta fi, wace na'ura ce siginarta ta fi kai wa nesa, wanne kamfani ne ƙugiyarsa ta igiyar ɗaure kai a jirgi ta fi ƙarko.

Ba na raina wannan hira, amma ina ganin ta kauce wa inda gizo ke saƙar. Sayen kaya shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi a mallakar jirgi, domin kuɗi kaɗai yake ci, kuma wanda ya iya sayen jirgi ba rigar ceto ce za ta gagare shi ba. Abin da ke da wuya shi ne mai jirgi ya yarda cewa a cikin duk waɗanda ya ɗauko, shi ne ya fi kusa da faɗawa ruwa, kuma ranar da ya faɗa, wanda ya bari a sama shi ne wanda bai taɓa bari ya riƙe sitiyari da gaske ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In iska ta tsananta aka ce a rage ƙyallen da ke kama ta, wa ke tashi ya tafi gindin sanda? In igiya ta sarƙe a goshin jirgi da tsakar dare, wa ke rarrafawa ya warware ta? Mai jirgi ne, domin shi ya san kayansa, kuma ba zai tura matarsa ko baƙon da ya gayyato wurin da ya fi haɗari ba. Wannan halin kirki ne, ban musa ba. Sai dai sakamakonsa shi ne gwanin yana bakin ruwa, wanda bai iya ba yana zaune lafiya a tsakiyar jirgin da bai san yadda ake juya shi ba.

A daren 12 zuwa 13 ga Yunin 1998, Éric Tabarly, wanda Faransa ba ta da matuƙin da ya kai shi suna, yana kan hanyarsa ta zuwa Sikotland a cikin Pen Duick, jirgin da ya samu daga hannun mahaifinsa, wanda a shekarar ya cika shekara ɗari da ƙerawa. Daura da gaɓar Wales ana cikin rage ƙyalle, sandar sama ta buge shi ya faɗa. Ba ya sanye da rigar ceto, ba ya ɗaure da igiya. Mutumin da ya ci tseren tsallake Atilantika shi kaɗai har sau biyu, a 1964 da 1976, ya tafi yana da shekara 66. Abokan tafiyarsa sun jefa masa abin da za su iya jefawa, sun nema a cikin duhu, ba su gan shi ba. Sai bayan fiye da wata guda wani jirgin masunta ya tsamo gawarsa. Masu kare 'yancin matuƙi sukan kawo sunansa su ce ya mutu yadda ya zaɓa wa kansa. Ni abin da ke tsaya mini a rai mutanen da ya bari a cikin jirgin ne, waɗanda ba su zaɓi komai ba, suka kwana suna kiran sunansa.

A nan ne hujjar "raina ne, ba ruwan kowa" take rushewa. Wanda ya fita teku shi kaɗai yana iya faɗin haka, ko da yake shi ma in ya ɓace wasu ne za su bar gidajensu su fita nemansa, da yawansu ma 'yan sa-kai, kamar ma'aikatan RNLI, ƙungiyar ceto a teku, a Birtaniya da Ailan da suke wannan aiki tun 1824. Amma wanda ya ɗauko mutane, ransa ya daina zama nasa shi kaɗai daga lokacin da aka kwance igiyar tasha, tunda dawowarsu gida a rataye take a wuyansa.

Sai batun igiyar ɗaure kai, wadda nan ne nake ganin masu jirage suka fi ruɗar kansu. Mutum ya sa ɗamara, ya maƙala ƙugiya, ya ji a ransa cewa ya gama da hatsari. A watan Yunin 2011, a kudancin Ingila, kyaftin ɗin wani jirgin tsere mai suna Lion ya faɗa daga goshin jirgi da dare yana ɗaure da igiya mai tsawon mita 1.8. Igiyar ba ta tsinke ba, ƙugiyar ba ta buɗe ba, kowane abu ya yi aikin da aka saye shi dominsa. Amma tsawonta ya isa ya kai shi cikin ruwa, jirgi yana jan sa. Sai da aka yi minti 16 kafin abokan tafiyarsa su iya ɗago shi, ya riga ya cika. Hukumar binciken hatsarin ruwa ta Birtaniya, MAIB, ta lura da wani abu a rahotonta wanda ya fi kowane bayani kan igiya muhimmanci a wurina: ba a ayyana wanda zai karɓi ragamar jirgin ba in kyaftin ya samu matsala.

Wanda jirgi ke ja a ruwa, ruwan ne ke cika masa baki da hanci, kuma ba sai gudu ya yi yawa ba. Saboda haka amfanin igiya ba ta riƙe ka bayan ka faɗa ba ne, amfaninta ta hana ka kai wa ga faɗawar. Wannan kuwa ba a kanti ake samunsa ba. Aikin mai jirgi ne ya duba inda ya shimfiɗa dogayen maɗauran da ake maƙala ƙugiya a jikinsu: in a gefe-gefe suke, kusa da shinge, to duk wanda ya zame waje zai yi. In an jawo su tsakiya aka yi amfani da gajeriyar igiya mai mita ɗaya, mutum zai faɗi ne a kan jirgi, ya kurje gwiwa ya tashi. Da yawa suna barin su a gefe ne kawai don haka suka tarar da su ranar da suka sayi jirgin.

Ko kayan da suka cika ƙa'ida ma suna da iyaka. A Nuwamban 2017, a tseren kewaya duniya na Clipper, tsakanin Afirka ta Kudu da Ostireliya, taguwa ta share wani mutum ɗan shekara 60 daga goshin jirgi yana ɗaure. Ana ƙoƙarin jawo shi sai ƙugiyar ta saki. Bincike ya nuna ta maƙale ne a ƙarƙashin wani ƙarfen ɗaure igiya, nauyi ya zo mata ta gefe, ta lanƙwashe. Ƙugiyar da ke ɗaukar fiye da tan guda in an ja ta a miƙe, ba ta jure kaɗan daga cikin wannan in an murɗe ta. An tsamo shi bayan kimanin rabin sa'a, babu rai. Shekara 19 kafin nan, a tseren Sydney zuwa Hobart na 1998 a Ostireliya, inda jirage 115 suka tashi 44 kacal suka isa, mutum shida suka mutu, Glyn Charles, wanda ya wakilci Birtaniya a gasar Olamfik, ya tafi ne lokacin da jirginsu ya kife igiyarsa ta tsinke. Ba ina kawo waɗannan don a ce igiya ba ta da amfani ba ne. Wanda ya ce haka sai ya tuna da John Fisher, wanda a Maris na 2018, a tseren kewaya duniya na Volvo, mil 1,400 yamma da Cape Horn da ke can ƙarshen Kudancin Amurka, ya kwance ƙugiyarsa na ɗan lokaci don ya matsa gaba ya gyara wata igiya, jirgi ya juya ba zato, kayan jirgin suka buge shi ya faɗa, har yau ba a gan shi ba.

Rigar ceto ba zan daɗe a kanta ba, domin alƙaluma sun gama magana. Rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka ta ƙirga mutum 564 da suka mutu a jiragen shaƙatawa a 2023. A inda aka san sanadin mutuwar, kashi 75 cikin ɗari nutsewa suka yi, kuma kashi 87 cikin ɗari na waɗanda suka nutse ba sa sanye da riga. Shekara da shekaru adadin a nan yake kai-komo. Mafi yawansu kuma ba a tsakiyar teku cikin guguwa ba ne, a ƙananan jirage ne, kusa da gaɓa.

Wanda ke taƙama da iya iyo bai san ruwan sanyi ba. Da zarar sanyin ruwa ya yi ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Celsius, shigarsa ba shiri tana sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, in kuwa kansa na ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da ke biyo baya: minti ɗaya na daidaita numfashi, kimanin minti goma da hannuwa da ƙafafu za su yi maka biyayya, sannan wajen sa'a guda kafin sanyi ya gusar da hankali. Sa'ar nan ta mai riga ce. Marar riga lissafinsa a minti goman yake ƙarewa, lokacin da yatsunsa ba za su iya riƙe igiyar da aka jefa masa ba.

To amma ita ma rigar, mallakarta daban, kula da ita daban. Rigunan zamani masu kumbura da kansu suna dogara ne da 'yar tukunyar gas mai nauyin giram 33 ko sama da haka, da wani ɗan abu da ke narkewa in ya jiƙe ya saki allurar da za ta huda tukunyar. Tukunyar tana kwancewa a hankali, tana tsatsa, ɗan abin nan yana da ranar da yake daina aiki. Rigar da ba ta da maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi, in ta kumbura sai ta haye kan mutum ta bar fuskarsa a ruwa. Wadda ba ta da hular kare fuska, feshin taguwa kaɗai yana iya kashe mai ita yana kan ruwa bai nutse ba. Mutum zai sayi tsohon jirgi, ya biya gwani ya duba masa inji da gindin jirgi da sanda, sannan ya buɗe akwati ya ga riguna shida a jere ya ce alhamdu lillahi, kayan ceto sun zo a cikin ciniki. Bai hura ko ɗaya ya bar ta ta kwana ya ga ko tana sacewa ba. Maɗauran da rana ta yi shekaru tana ci a kan jirgi kuwa, ido ba ya gane ruɓewarsu sai an ja. In jirgin na haɗin gwiwa ne tsakanin abokai uku ko huɗu, abin ya fi muni, domin kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya duba.

Na'urorin nuna inda mutum yake su ne abin yayi yanzu, kuma gaskiya sun cancanta. Iri biyu ne, mutane kuma suna yawan rikita su. Akwai mai aika kira ta tauraron ɗan'adam a zangon megahaz 406, wadda ke sanar da cibiyar ceto a tudu, ko da kana tsakiyar teku. Akwai kuma ta AIS, tsarin rediyon da jirage ke nuna wa juna inda suke da shi, wadda siginarta ba ta wuce 'yan milamilai, amma tana fitowa a allon jirginka da na jiragen da ke kusa. Ga wanda ke tafiya da mutane, ta biyun ce ta fi kusa da ransa, domin jirgin da ya faɗo daga cikinsa shi ne mafi kusa da shi a duniya, cibiyar ceto kuwa tana iya yin nisan da kafin jirginta mai saukar ungulu ya iso sa'ar Giesbrecht ta wuce. A 2014, a arewacin tekun Fasifik, wani ɗan tseren Clipper ya yi kimanin sa'a ɗaya da minti arba'in a ruwa, aka same shi da rai, kuma 'yar na'urar AIS da ke jikinsa ce ta kai abokansa inda yake bayan ido ya gaza. Florence Arthaud kuwa, wadda ta ci tseren tsallake Atilantika na Route du Rhum a 1990, da ta faɗa da dare kusa da tsibirin Kosika a 2011 tana ita kaɗai, jirginta ya ci gaba da tafiya abinsa, wayar salula mai jure ruwa da ke jikinta ce ta cece ta: ta kira mahaifiyarta, aka bi sawun wayar aka tsamo ta. Ta tsira daga teku, sai ga shi a 2015 hatsarin jirgi mai saukar ungulu ya yi ajalinta a Ajantina.

Sai dai a lura da abin da ya sa mutumin Fasifik ya rayu. Na'urar ta nuna wuri ne kawai. Waɗanda suka juya jirgi mai tsawon ƙafa 70 a cikin wannan ruwa, suka sauke mutum a igiya ya kamo shi, suka ɗago su, jama'a ce mai yawa da aka yi wa horo kan wannan aiki tun kafin a tashi. Ka ɗauke su ka sa mace ɗaya ko namiji ɗaya wanda aikinsa a jirgi shi ne miƙo abin da aka ce ya miƙo, sai na'urar ta zama abin da zai nuna masa daidai inda mutuminsa ke mutuwa.

A ce ma ya iya. A ce ya danna maɓallin da ke ajiye wurin a GPS, ya jefa abin da zai yi alama, ya juya jirgin cikin iska nan take don ya tsaya kusa, ya sauke ƙyalle, ya duba babu igiyar da ke lilo a ruwa kafin ya ta da inji don kada ta naɗe farfela, ya yi kiran neman agaji a tasha ta 16 ta rediyon jirgi, duk wannan ba tare da ya ɗauke ido daga kan da ke leƙowa yana ɓuya ba. A ce ya iso gefensa bai taka shi ba. Yanzu ne aikin ya fara. Gefen jiragen zamani yakan kai mita ɗaya ko fiye daga fuskar ruwa. Ƙato mai kilo 90, kayansa sun sha ruwa, hannuwansa sun mutu, ba zai hau tsani ba. Tsanin bayan jirgi ma in akwai taguwa tashi yake yana faɗowa da nauyin jirgin gaba ɗaya, yana iya fasa kan wanda aka zo ceto. Babu mai ƙarfin da zai sunkuya ya ciro shi da hannu. Dole sai da majanyin ceto irin Lifesling, wanda wata gidauniyar matuƙa a Seattle ta ƙirƙiro a shekarun 1980 musamman don wanda aka bari shi kaɗai, a haɗa shi da igiyar da ke saukowa daga saman sanda, a naɗe ta a winci, wato na'urar jan igiya. Likitoci kuma sun fi son a ɗago wanda ya daɗe a ruwan sanyi a kwance, domin in aka tsayar da shi jini yana iya gangarewa ƙafafu zuciya ta tsaya a daidai lokacin da ake murna.

Masu jirage nawa ne suka taɓa gwada wannan? Atisayen da aka saba shi ne a jefa balan-balan ɗin kare gefen jirgi ɗaure da bokiti, da rana tsaka, ruwa kwance, mai jirgi a kan sitiyari yana ba da umarni, a kamo shi da sanda mai ƙugiya a tafa. Wannan atisaye yana gwada mutumin da ba zai kasance a jirgin ba ranar da abin ya faru, kuma yana tsallake ɗagowar, wadda ita ce ke kashe mutane. Atisayen gaskiya shi ne mai jirgi ya zauna a gefe ya kama bakinsa, wanda ya fi kowa rauni a jirgin ya yi komai da kansa, abin da za a ɗago kuma ya kai nauyin mai jirgin. Na san abin da ke hana shi. Mutum ba ya son ya ga ana wasa da dukiyar da ya yi shekaru yana tara kuɗinta, ba ya son a ga gazawar iyalinsa a gaban jama'ar tasha, wani kuma can ƙasan ransa yana jin daɗin cewa shi kaɗai ne ya iya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da doka, ƙasashe sun rabu. Ailan ta wajabta sa riga a kan jiragen da ba su kai mita bakwai ba. Birtaniya ba ta tilasta wa mai jirgin kansa sa ta. Amurka tun Afrilun 2021 ta wajabta wa matuƙan yawancin jirage masu inji da ba su kai ƙafa 26 ba su maƙala igiyar da ke kashe inji in matuƙi ya faɗa. Wanda yake ganin wannan shisshigi ne ya karanta abin da ya faru a Padstow da ke Ingila a watan Mayun 2013, inda kwale-kwale mai gudu ya watsar da iyali shida a ruwa, ba a maƙala igiyar ba, ya ci gaba da zagaye yana bi ta kansu, uba da 'yarsa mai shekara takwas suka mutu. Ina goyon bayan irin waɗannan dokoki a kan ƙananan jirage, inda jami'i zai iya gani da idonsa daga gaɓa. Amma ba na sa rai doka ta yi abin da ya wuce nan. Mil ashirin daga tudu, ƙarfe biyu na dare, babu jami'i. Dokar da ke aiki a wurin ita ce wadda mai jirgi ya kafa kuma aka ga yana bi: ba mai fitowa sama da dare ba riga, ba mai zuwa goshi ba ɗaure, ba mai barin wurin zama alhali sauran suna barci. Baƙi ba sa bin abin da aka faɗa musu a tasha, abin da suka ga mai jirgi yana yi suke kwaikwaya, in ya fito da shimi su ma haka za su fito.

Kamfanonin inshora da ƙungiyoyin matuƙa suna da abin da hukuma ba ta da shi, domin su ne ke tambayar mai jirgi takardu kowace shekara. Yanzu abin da ake yawan tambaya shi ne jerin kayan da ke cikin jirgi. Da a ce ni ke rubuta takardar, layi biyu zan ƙara: sunan wanda zai karɓi jirgin in mai shi ya faɗa, da ranar da wannan mutumin ya ɗago nauyin kilo 90 daga ruwa shi kaɗai, mai jirgin yana zaune bai ce uffan ba.